Jan Man Masta Oduro

Duk faɗin Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, in giyar motarka ta soma yi maka gardama, ba sai ka sha yawon tambaya ba, ko mai tallar ruwa ka tare za ta nuna maka rumfar Masta Oduro. Shekara arba'in da huɗu ya yi yana kwance giyabos yana ɗaurawa a wuri ɗaya, bayan layin masu walda, har ƙasar wurin ta rine ta koma baƙa ƙirin. Bai yi boko mai nisa ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Kunne da hanci da yatsu biyu su ne kayan aikinsa na gaske. Zai ɗiga man giya a yatsa, ya murza, ya kai hanci, ya gaya maka rabon da a canza shi, da irin tuƙin da kake yi, wani lokaci har da halinka, kana tsaye kana sosa ƙeya. Mafaɗaci ne, wannan ba ƙarya, amma ba a taɓa samun wanda ya ce ya cuce shi ba.

'Ya'yansa biyar. Ta ukun, Frimpomaa, ita ta ci sunan mahaifiyarsa, saboda haka ko sunan ba ya iya kamawa, Maame yake ce mata, wato uwa. Ungozoma ce a wani ɗan asibiti can gaba da Offinso, cikin ƙauyukan manoman tumatir. Shekara goma sha ɗaya tana fama da motar haya da bayan babur, rana da ruwa, kafin Allah ya yi ta sayi mota. 'Yar ƙarama ce, ruwan toka, ta hannu daga waje, irin waɗanda a lokacin suka fara shigowa. Ƙanen mijinta, Asiedu, wanda ke sana'ar fito da motoci daga tashar jirgin ruwa ta Tema, shi ya nemo mata ita.

Ranar da ta karɓi makulli ko gida ba ta je ba, kai tsaye ta kutso cikin layin Magazin tana ta hon, masu walda na ɗaga gilashin fuska suna leƙe. Ta fito da kayan aikinta a jiki, ta miƙa wa uban makulli da hannu biyu. A gaban kowa ta ce fasto zai yi wa motar addu'a ran Lahadi, amma cikinta hannu ɗaya ne zai taɓa shi har ta tsufa. Wani mai fenti ya tsokane ta, ya ce ai tsohon ya kusa ajiye sufana. Ta juya ta ce masa tun tana rarrafe a ƙarƙashin wannan rumfa ba ta taɓa ganin mota ta mutu a hannun ubanta ba, in shi ya gani ya faɗa. Mai fenti ya ɗaga hannu ya ce ya tuba. Masta Oduro ya haɗe rai kamar bai ji ba, amma wallahi daɗi kamar ya kashe shi.

Ya ce ta je ta ci abinci, zai ɗan zaga da motar ya saurare ta.

A nan abin ya fara. Otomatik ɗin da Masta ya sani hawan bene take yi: kukan inji ya ɗaga, ya faɗo, ya sake ɗagawa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, kana jin kowace giya a bayanka in ta shiga. Wannan kuwa da ya taka totur a kan titin Offinso, inji ya kama murya ɗaya ya riƙe, allurar gudu tana ta hawa, kukan kuwa babu hawa babu sauka. Ya sassauta, ya sake takawa. Haka dai. Ya kashe rediyo, ya sauke gilashi, ya karkata kunne. A iya saninsa wannan kukan fassara ɗaya gare shi, giya tana sulɓewa. Ya tuna fuskar yarinyar ɗazu, ya ce a ransa ba zai ɓata mata ranarta ba, zai gyara abin shiru.

Da ya dawo ya hau da motar kan rami, ya kwance ƙasan giyabos. Man da ya zubo ba ja ba ne. Kore-kore ne, kamar ruwan dafaffen ganye. Ya murza a yatsa, ya ji ba irin santsin da ya sani ba. Ya shinshina, ya yi tsaki. Shi ke nan, ya gano. Wani mara tsoron Allah a can ƙasar waje ya ɗura wa motar abin da ya ga dama ya tura wa baƙar fata. Ya tsiyaye shi tas a tsohon bokiti, ya wanke hannu, ya nufi rumfar Anti Konadu mai sayar da mai.

Bai sayi na duro ba, irin wanda ake auna wa 'yan tasi. Ya ce ta sauko masa da jan mai na galan mai hatimi, wanda ya fi kowanne tsada, tunda motar uwarsa ce. Anti Konadu tana goge galan tana yi masa ba'a, wai yau Masta ya buɗe bakin aljihu, lallai za a yi ruwa.

A kan bencinta akwai wani mutum zaune yana cin dafaffiyar ayaba da miyar ganye. Boakye ne. Shekara bakwai ya yi a ƙarƙashin Masta Oduro yana koyon aiki, kuma shekara goma sha takwas ke nan da Masta ya zuba masa farar hoda a ka, alamar ya gama koyo, ya yaye shi. Yanzu ya haura arba'in, ya ajiye tumbi, furfura ta fara leƙowa, yana da rumfarsa layi uku daga nan, har da 'yar kwamfutar da ake soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari. Amma da ya ga Masta, zumbur ya miƙe, ya cire hula, ya kai hannu baya. Ya gaishe shi, ya yi masa barka da motar Maame, don labari ya riga ya zaga. Sannan idonsa ya sauka a kan galan.

"Masta, wannan na motar Maame ne?"

"Na wa zai zama? Wani kore na tarar a ciki, na zubar."

Boakye ya buɗe baki. Ya dubi Anti Konadu, ya dubi direbobi biyu da ke jiran a auna musu mai, ya mayar da bakinsa ya rufe. Ya karɓi galan ɗin ya ɗaukar wa Masta har bakin rumfa, ya koma wa ayabarsa. Anti Konadu ta ce daga baya bai ƙarasa cin ta ba.

Da yamma Frimpomaa ta ja motarta ta tafi. Masta ya lura kukan bai canza ba, amma ya ce wa kansa sabon mai sai ya zaga.

Sati uku aka yi. Ran Laraba da hantsi sai ga wata babbar motar tumatir ta shigo layin tana jan 'yar motar da igiya, Frimpomaa a ciki tana riƙe da sitiyari, idanunta jajur. Ta ce tun sati na biyu motar ta fara karkarwa in za ta tashi, kamar mai zazzaɓi. Daga baya ta soma wani siririn kuka. Jiya kuma a kan tudun da ke kusa da asibitinsu, wata fitila ta kama a gaban direba, inji yana ta ihu, mota ta ƙi hawa, har ta fara komawa baya. Matasan gari ne suka tura ta.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce Asiedu ya cuce ta. Ya san motar mushe ce ya kawo mata, don ya ga ita mace ce, kuma ta gida, ba za ta kai shi ko'ina ba. Ta kira shi a waya ta wanke shi tas, shi kuma ya rantse da kabarin uwarsa lafiya lau ya ba ta. Mijinta ya shigar wa ƙanensa, tun jiya ba sa ga maciji a gida, abinci ma a rufe take ajiye masa. Ran Asabar akwai jana'izar wani kawun mijinta a garinsu, dangi kaf za su hallara, kuma in an gama binnewa aka zauna zaman dangi, za ta tashi a gaban dattawa ta faɗi abin da Asiedu ya yi mata.

"Papa, kai dai ka buɗe ka gaya mini abin da ka gani. Maganarka kawai zan kai musu. Wa zai musa maka?"

Ya ce ta dawo jibi.

Washegari tun da safe ya sauke giyabos ɗin shi kaɗai, ya ɗora a kan teburin ƙarfe. Da ya cire farantin ƙasa, maganaɗisun da ke ciki sun yi gemu da garin ƙarfe. Jan man nan mai tsada ya koma ruwan ƙasa, yana warin ƙuna. Ya ci gaba da kwancewa, yana jera kusoshi a tsumma kamar kullum, yana jiran ya ga abin da ya saba gani, haƙora cikin haƙora da jerin fayafayan kuloci. Da ya ɗaga murfin sai ya tsaya.

Babu su. Wasu tulu-tulun ƙarafa ne guda huɗu masu sheƙi, kowanne da tudu a tsakiya kamar mazurari, biyu suna fuskantar juna a nan, biyu a can. Wani bel na ƙarfe ya zagaye su, ba roba ba, ba sarƙa ba, ɗaruruwan 'yan ƙananan ƙarafa ne aka jera kamar 'ya'yan carbi a zare. Ya shafa fuskar mazurarin ɗaya. Inda ya kamata ta yi sumul, farcensa yana maƙalewa a zane-zane, sababbi fil, ko tsatsa ba su yi ba. Masta bai san wannan abu ba, amma ya san sabon ciwo in ya gan shi a jikin ƙarfe. Wannan bai zo daga ƙasar waje ba. Ya jawo benci ya zauna, ya daɗe yana kallon tsohon bokitin da ke gefe.

To, a Magazin akwai abin da ba a yi. Maigida ba ya taka ƙafa ya je rumfar yaronsa neman sani. In yana son ganinsa, aike yake yi, yaro ya ajiye komai ya zo a guje, ko da kuwa ya yi jikoki. Masta Oduro ya fi kowa riƙe wannan. Amma ranar ya naɗe bel ɗin a tsumma, ya saɓa a kafaɗa, ya ratsa layi uku da ƙafarsa. Masu walda suka kashe wuta. Mai gyaran radiyeto ya bi shi da ido har ya sha kwana. Ba wanda ya ce uffan, gaisuwa kawai, kuma shi ya san abin da shirun yake nufi.

Boakye yana ƙarƙashin wata mota ya hango takalman da ya sani. Garin fitowa har ya buga kai. Ya kori duk wanda ke rumfar, ya ce su je su ci abinci, ya goge kujerarsa da rigarsa ya ajiye. Masta bai zauna ba. Ya warware tsumma a kan tebur, ya ce a gaya masa mene ne wannan.

Allah sarki Boakye. Ya ɗauko mazuraran zuba mai guda huɗu da tsohon fambel, ya haɗa su bibbiyu, tsini na kallon tsini, ya rataya bel a tsakani. Kowace jimla sai ya fara da "kamar yadda Masta ya sani", alhali su biyun sun san Masta bai sani ba. Ya ce sunanta CVT, kuma ba ta da giya ɗaya, biyu, uku. Biyun nan na gaba inji ke juya su, biyun baya su ke juya taya. In mazurari biyu suka matso juna, sai su tura bel ɗin sama inda ke da faɗi. In suka ja baya, bel ya faɗa ciki inda ke da tsuku. Lokacin tashi, na gaba a buɗe suke, na baya a matse, wannan ita ce giya ɗayanta, mai ƙarfi. Mota na ƙara gudu, na gaba na matsewa, na baya na buɗewa, a hankali a hankali, ba tsalle. Ƙarfin mai ne ke matsa su, kwamfutar mota ke ba da umarni. Shi ya sa inji ke kama murya ɗaya ya zauna a kai.

"Wato lafiyarta ƙalau," in ji Masta.

Boakye ya sunkuyar da kai. Ya ce in ta yi wannan kukan, aikinta take yi.

Sai maganar mai. Ya ce a nan babu haƙorin da ke kama haƙori, ƙarfe ne sumul ke riƙe ƙarfe sumul. Saboda haka man da take sha daban ne, dole ya sanyaya, ya hana ci, amma kuma ya bar bel ɗin ya damƙe. Jan man otomatik bai iya wannan riƙon ba. In aka zuba shi, bel ya riƙa zamewa kaɗan-kaɗan, ba a ji, yana kankare mazurari, garin ƙarfen yana bin mai yana toshe hanyoyi, zafi yana ƙaruwa, har ranar da za ta tsaya a kan tudu. Kuma launi ba shi ne ba, wani kore ne, wani ruwan zuma, har mai ja-ja akwai. Lambar da ke jikin galan ita ce magana, kowace mota da tata. Yatsa da hanci ba sa karanta ta.

Masta ya saurara har ƙarshe. Sannan faɗan ya taso masa, don ba shi da wani wurin sa kunyar.

"Kana zaune a bencin Konadu. Ka ga galan. Ka tambaye ni da bakinka. Kai har ɗaukar mini shi ka yi, Boakye. Me ya hana ka magana?"

Boakye ya kai hannu baya. Ya tambaya, a hankali, ko Masta ya tuna shekararsa ta uku, ranar da aka kawo motar wani ɗan kasuwar koko. Masta ya sa wani zoben giya a juye, shi kuma ya faɗa a gaban mai mota. Gaskiyarsa ce, zoben a juye yake. Amma mari ya sha, har kunnensa ya yi kwana uku yana ƙara, aka kuma kore shi sati guda. Da ya dawo Masta ya tara su duka ya ce yaro ba ya gyara wa maigida a gaban mutane, ko da gini zai faɗo.

"Washegarin ranar da ka sayi man nan na zo rumfarka da sassafe, don in same ka kai kaɗai. Na tarar mota ta tafi. Ka ce mini lafiya, na ce gaisuwa na zo. Na ɗauki waya in kira Maame ya fi sau biyar, sai in ga ai zagaye ka zan yi ta baya, wannan ya fi muni. Sai na koma addu'a, Allah ya sa irin mai tsohuwar giya ce, don akwai su. Masta, na yi laifi. Bakina ne ya ƙi buɗuwa."

Masta Oduro ya tuna marin. Ya tuna kuma wanda shi ya sha a hannun nasa maigidan a kan irin wannan, da yadda ya ɗauke shi a matsayin karatu ya riƙa rabawa. Faɗan ya mutu a bakinsa. Sai a lokacin ya zauna a kujerar.

Boakye ya matso, ya rage murya. Ya ce abin bai kai inda ba za a rufe ba. Duk Magazin kowa cewa yake waɗannan giyoyin ba su da ƙarko, ba wanda zai yi mamaki in an ce da ciwonta ta zo. Ga kuma jan da aka yi mata da igiya tun daga bayan Offinso, tayoyi a ƙasa, inji a kashe, mai ba ya zagawa, wannan kaɗai ya isa ya ƙarasa ta, kuma ba ƙarya ba ne. Anti Konadu ba ta san bambancin mai da mai ba, sayarwa kawai take. Shi kuwa, har ya shiga kabari ba mai ji daga bakinsa. Zai nemo wani giyabos a wurin masu kwance motocin haɗari, ya zo rumfar Masta su ɗaura tare, a ce aikin Masta ne.

Kada ku ce tsohon bai so ba. Ya so ƙwarai. A hanyarsa ta komawa har ya gama shirya maganar da zai yi mata, gajeriya, wadda babu ƙarya tsagwaronta a ciki. Ya ce a ransa Asiedu ma ai ba waliyyi ba ne, dillalin mota ne, in bai cuci wannan ba ya cuci wani. Amma ko ya juya ta yaya, sai ya hango 'yarsa cikin baƙin zane a gaban dattawan gidan mijinta, tana ɗaga murya tana cewa ubana ya buɗe ya gani. Da sunansa za ta kashe aurenta. Ranar ko tuwon fufun da aka kawo masa bai taɓa ba.

Ran Juma'a ta zo da rana, da jakar kayan jana'iza a hannu, daga nan za ta wuce tasha. Ta tarar da shi zaune gaban giyabos a buɗe. Ta leƙa, ta ga zane-zanen, ta ce ai ta faɗa, ko makaho ya shafa ya san an cuce ta.

"Zauna, Maame."

Ta zauna a bakin benci.

"Asiedu lafiyayyiyar mota ya ba ki. Ni na kashe ta."

Ta yi 'yar dariya, tana jiran sauran wasan. Bai yi dariya ba. Ya gaya mata duka, tun daga titin Offinso, da koren man da ya zubar, da jan da ya zuba. Ya ɗauki bel ɗin ya nuna mata yadda yake hawa da sauka, yana maimaita abin da aka koya masa jiya, yana tuntuɓe a wasu wuraren. Bai ambaci igiyar motar tumatir ba. Bai kuma ce Boakye ya gani ya yi shiru ba. Ya ce dai ya ga abin da bai sani ba, maimakon ya tambaya, sai ya ɗauka abin ne ba shi da hankali.

Frimpomaa ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Can ta ce ta kira Asiedu ɓarawo, matarsa tana ji. Ta ce wa mijinta danginsa duk haka suke. Ta tambaya, ba shi take tambaya ba, da wane ido za ta shiga garin nan gobe.

Ya ce ba ita kaɗai za ta shiga ba. Ya rufe rumfa da rana tsaka, abin da bai yi ba tun rasuwar matarsa, ya je gida ya ɗauko baƙin zanensa, suka hau motar haya tare. A zaman dangi shi ya miƙe, ya sauke zane daga kafaɗa, ya zare ƙafa daga takalmi a gaban dattawa, kamar yadda mai ban haƙuri ke yi a al'adarsu, ya faɗi abin da ya yi, ya roƙi Asiedu gafara a madadin 'yarsa. Asiedu ya ɗan ja rai, yana da hakki, sannan ya karɓa. Mijin ya dawo cin abincin gida. Labari kuwa ya riga su dawowa Magazin, don irin wannan ba ya jiran mota. Ba wanda ya yi masa dariya a fuska. Anti Konadu ma ta daina tsokanarsa, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

Sati biyu Boakye ya yi kafin ya samo giyabos mai kyau daga wata motar da aka daka ta baya. A rumfarsa aka ɗaura, don Masta ya ce ba za a kai aikin wani rumfarsa a ce nasa ne ba. Kullum da safe yakan zo ya tsaya yana kallo, yana miƙa sufana, Boakye yana karɓa da hannu biyu kamar zai nutse don kunya. Suka wanke bututan sanyaya mai, suka sa sababbin matatai guda biyu, suka zuba man da lambarsa ta dace. Boakye ya soka kwamfuta yana jiran mai ya kai wani zafi kafin ya auna yawansa, don ko aunawar ma ba a yi da ka. Masta ya ce kada a tambayi 'yarsa ko sisi, shi zai biya.

Ranar da ta zo ɗauka, Boakye ya zaga da ita, ya dawo yana lissafa mata. Ta canza man duk kilomita dubu arba'in, tunda hanyarta tudu ce da zafi. Kada ta sa ribas sai mota ta tsaya cak. In ta kafe a taɓo kada ta yi ta gaba da baya tana taka totur, ta nemi masu turawa. Kada ta bari manoma su cika mata but da kwandunan tumatir don sun ga tana da kirki. In ta sake mutuwa a hanya, a ɗauko ta a kan babbar mota, ba da igiya ba. In kuma ta ji karkarwa ko siririn kuka, kada ta jira sati. Tana ji tana rubutawa a bayan wata takardar asibiti.

Da ya gama sai ta juya wajen ubanta, ta ce to in lokacin canjin man ya yi fa.

Masta Oduro ya gyara murya. Ya ce ta kawo wa Boakye, shi ya san ta, shi ke da na'urar.

Ya faɗa ne da gaske, kuma gaskiya ce. Amma ya tsaya yana jira. Ya san 'yarsa, ba a taɓa gaya mata magana ta karɓa a karon farko ba, tun tana ƙarama sai ta yi musu. Yana jiran ta ce haba Papa, ko ta ce to ku yi tare, shi kuma ya ƙi, ta nace, ya sake ƙi. Sau ɗaya ma ya ishe shi.

Ta gyaɗa kai. Ta ciro waya ta ce Boakye ya ba ta lambarsa. Ta adana, ta karanta masa ya tabbatar. Sannan ta zo ta rungumi uban sosai, ta ce ya riƙa cin abinci, ya rame, ran Lahadi za ta aiko masa da doya. Ta shiga mota ta tayar.

Ya tsaya a bakin rumfar Boakye yana saurare. Inji ya kama muryarsa ɗaya ya riƙe, motar tana ƙara gudu a cikin layin har ta fita titi. Boakye ya ce bari ya raka shi. Masta ya ce a'a, gara ya koma bakin aikinsa, akwai mutane suna jira. Ya saɓa tsummansa a kafaɗa, ya kama hanyar rumfarsa a hankali.